Jan-Tukku: Tsuntsun Kurmi Mai Bin Kwarkwasa

Jan-tukku ƙaramin tsuntsu ne mai waƙa da ke zaune a ƙasan kurmin kudancin Najeriya da na Afirka ta Tsakiya. Sunan da masana suka san shi da shi a duk duniya shi ne Alethe castanea, amma a wannan darasi za a riƙa kiransa jan-tukku saboda jan ratsin da ke tsakar kansa. Wani masanin tsuntsaye ɗan Amurka mai suna John Cassin ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1856, bayan ya duba waɗanda aka kai masa daga Gabon. Abin da ya fitar da shi daban a cikin tsuntsayen kurmi shi ne hanyar cin abincinsa: yana bin rundunar kwarkwasa, yana cafke ƙwarin da ke gudun tsira a gabanta. Launinsa da muryarsa da yadda yake renon 'ya'yansa duk suna da nasaba da abu biyu, wato duhun kurmi da kwarkwasa. Duk abin da ya taɓa ɗayansu, to ya taɓa tsuntsun.

Siffarsa

Tsawon jan-tukku daga baki zuwa ƙarshen jela kimanin santimita 18 ne, nauyinsa kuwa wajen gram 30. Bai kai kurciya girma ba. Bayansa da fikafikansa launin ƙasa-ƙasa ne mai ja-ja, fuskarsa da gefen wuyansa ruwan toka, maƙogwaro da ƙirji da ciki farare. A tsakar kansa akwai ratsi mai launin garwashi. Idan hankalinsa kwance yake, gashin wurin yakan kwanta har ya yi wuyar gani. Da zarar ya fusata ko ya firgita sai ya miƙe tsaye. Namiji da tamata kamanninsu ɗaya. Ɗan da bai daɗe da barin sheƙa ba kuwa baƙi-baƙi ne mai ɗigo-ɗigon ja, har wanda bai sani ba zai ɗauka wani tsuntsu ne daban.

Kowane sashe na jikinsa ya dace da wurin zamansa. Idanunsa manya ne, don haske kaɗan ne ke isa inda yake kiwo. Ƙafafunsa dogaye ne masu ƙarfi, suna ba shi damar maƙalewa a jikin siririn itace da ke tsaye, ko dira ƙasa ya koma sama nan take. Fikafikansa gajeru ne masu faɗi, irin na tsuntsun da ke kurɗawa tsakanin rassa, ba mai dogon zango ba. Launin bayansa ya saje da busassun ganyayen da suka rufe ƙasa, saboda haka shaho da ke leƙe daga sama ba ya saurin gano shi.

Inda ake samunsa

Mazaunin jan-tukku ya taso daga kudancin Najeriya, ya ratsa Kamaru da tsibirin Biyoko da Gabon da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da ƙasashen Kwango biyu, ya gangara arewacin Angola, ya kuma miƙa gabas har Yuganda. A Najeriya ana samunsa a manyan gandayen dajin da kurminsu bai lalace ba, irin su gandun Kuros Riba da aka kafa a 1991, wanda ya ƙunshi yankunan Oban da Okwangwo, da gandun Okomu na jihar Edo. A Kamaru yana nan a gandun Korup, wanda ke maƙwabtaka da Oban.

Daga Togo da Gana zuwa yamma, wato Kodebuwa da Laberiya da Saliyo da Gini, wani ɗan'uwansa ne ke zaune, mai suna Alethe diademata. Kusan kamanninsu ɗaya, sai dai shi na yamma yana da fari a gefunan ƙarshen jelarsa. An daɗe ana lissafa su a matsayin jinsi guda kafin a raba su biyu. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne wani tsagi na daji mai ciyawa da ya gangaro daga arewa har bakin teku ta kudancin Benin da Togo da gabashin Gana, ya datse kurmin gida biyu. Tsuntsun da ba ya fita fili ba zai ƙetare irin wannan tsagi ba, shi ya sa kowane ɓangare ya kama gabansa tsawon zamani.

Jan-tukku ba ya ƙaura. Inda aka ƙyanƙyashe shi, a nan kewayen yake ƙare rayuwarsa, rani da damina.

Yanayin ƙasan kurmi

Kurmi daji ne mai hawa-hawa. A can ƙoli akwai ɗaiɗaikun manyan itatuwa da suka zarce saura, kamar rimi da loko da dangin maɗaci, waɗanda wasunsu kan haura mita 50. Ƙasa da su akwai rufin ganye da ya haɗe wuri guda, a tsayin mita 30 zuwa 40. Daga nan sai matsakaitan itatuwa da igiyoyin daji masu naɗo, sannan ƙananan tsirrai, sannan ƙasa. Kowane hawa da irin tsuntsayensa. Na jan-tukku shi ne na can ƙasa, daga doron ƙasa zuwa 'yan mitoci kaɗan.

A wannan hawa hasken rana ba ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na abin da ke sauka a kan rufin ganye. Iska ba ta kaɗawa sosai, zafi ba ya tsananta, danshi kuma ba ya yankewa. Ruwan saman da ke sauka a Oban yakan haura milimita 3,000 a shekara, alhali na Kano a matsakaici bai kai 1,000 ba. Ganyayen da ke zubowa kullum suna ruɓewa da sauri, a cikinsu kuma da ƙarƙashinsu ƙwari ne maƙil: gyare, kyankyaso, gizo-gizo, gara, tsutsotsi, ƙananan fari, har da 'yan kwaɗi.

Abinci dai ga shi nan jibge, amma a ɓoye yake. Yawancin waɗannan ƙwari da dare suke fita. Da rana sukan lafe cikin ganye da ɓawon itace da ramuka, ba sa ko motsi. Tsuntsun da zai neme su ɗaya bayan ɗaya sai ya sha wahala kafin ya ƙoshi. Kwarkwasa ce ke fito masa da su fili.

Kwarkwasa da farautarta

Kwarkwasa dangin tururuwa ce, masana kuma suna kiran zuriyarta Dorylus. Akwai ire-irenta har a ƙasar Hausa, inda aka san zafin cizonta, amma manyan rundunoni masu mamaye doron ƙasa sun fi yawa a kurmi. An ƙiyasta cewa gida ɗaya na irin mafi girma yakan ƙunshi kwarkwasa fiye da miliyan 20. Dukkansu 'ya'yan uwa ɗaya ne, wato sarauniya, wadda aikinta zuba ƙwai kawai. Ma'aikatan ba su da idanu. Da ƙanshin da suke bari a kan hanya suke bin juna. A cikinsu akwai masu manyan kawuna da ƙaƙƙarfan muƙamuƙi, su ne ke jeruwa a gefen hanya suna gadi.

Gidan kwarkwasa a cikin ƙasa yake, sau da yawa a gindin babban itace. Daga nan runduna take fita farauta. Tana farawa da layi ɗaya, sai layin ya rarrabu, gaban ya baje har faɗinsa ya wuce mita 10. Tafiyar a hankali ce, wajen mita 20 a awa guda, amma ba ta tsallake komai. Kowane ganye sai an shiga ƙarƙashinsa, kowane rami sai an leƙa, ƙananan itatuwa ma sai an hau. Abin da aka kama a nan take ake yayyaga shi a kwashe zuwa gida. Idan abincin kewayen ya yi ƙasa, sai gidan gaba ɗaya ya tashi, a ɗauki ƙwai da 'ya'ya a koma sabon masauki.

Abu biyu game da kwarkwasa suna da muhimmanci ga makomar jan-tukku. Na farko, ba ta jure zafin rana da bushewar iska. Idan hanyarta ta biyo ta fili, takan gina rufin ƙasa a kanta ko ta bi ta ƙarƙashi. Na biyu, sarauniya ba ta da fikafikai. Sabon gida yana samuwa ne idan tsohon ya rabu biyu, kashi ɗaya ya tafi a ƙafa da tasa sarauniyar. Saboda haka kwarkwasar kurmi ba ta iya tsallake babban kogi ko shimfiɗeɗɗen fili ta je ta kafa gida a wani kurmin.

Yadda yake kiwo

Idan runduna ta taso, ƙwarin da ke gabanta kan watse. Gyare da fara suna tsalle, kyankyaso yana sheƙawa a guje, gizo-gizo yana haurawa kan tsirrai. Jan-tukku yakan maƙale a siririn itace ko ya tsaya kan reshe dab da ƙasa, a daidai goshin rundunar. Da ya hango ƙwaro ya fito sai ya dira, ya ɗauke shi, ya koma sama kafin kwarkwasa ta hau ƙafarsa. Idan rundunar ta matsa gaba, shi ma sai ya matsa. Haka zai yi ta yi na tsawon sa'o'i. Dabarar iri ɗaya ce da ta balbela a bayan garken shanu: wani ne ke tayar da ƙwarin, tsuntsu ya tsinta.

Goshin runduna wuri ne mai daraja, don nan ne ƙwari suka fi fitowa, kuma ba kowa ke samunsa ba. Jan-tukku a sauran lokuta shi kaɗai yake yawo ko da abokiyar zamansa, amma a wurin kwarkwasa da yawa sukan hallara, har da waɗanda suka baro nasu yankin. A nan ake ganin zafin ransa. Yakan tayar da tukkunsa, ya baje jela, ya yi ƙara, ya fatattaki wanda ya matso kusa. Manya suna korar ƙanana, masu ƙarfi suna riƙe tsakiya, raunana su koma gefe ko baya inda abin samu kaɗan ne. Wasu jinsunan tsuntsaye ma sukan zo, ciki har da ɗan'uwansa mai ƙasa-ƙasan ƙirji da masana ke kira Chamaetylas poliocephala, da tsuntsayen zuriyar Bleda da na Neocossyphus. Kowanne yana da tsayin da ya fi son tsayawa da irin ƙwarin da ya fi kamawa, abin da ke rage musu rikici.

Ranar da bai sami runduna ba, jan-tukku yakan yi kiwo shi kaɗai a ƙasa, yana tsintar gara da tururuwa da ƙananan ƙwari. Wannan yana riƙe shi, amma bai kai abin da yake samu a gaban kwarkwasa ba.

Ita kwarkwasa ba ta cin wata riba daga wannan rakiya. A Amurka ta Tsakiya da ta Kudu akwai wata tururuwa mai irin wannan farauta, da tsuntsayen da ke binta. Wani bincike da aka yi a Panama, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa idan tsuntsaye suna wurin, abin da tururuwar ke kamawa yakan ragu, domin suna ɗauke manyan ƙwarin da da ita za ta samu. Ke nan tsuntsu ne ke dogara da tururuwa, ita ba ta bukatarsa.

Muryarsa

An fi jin jan-tukku fiye da ganinsa. Waƙarsa fito ne mai tsabta, gaɓa biyu ko uku, yana yi yana hutawa yana maimaitawa. Wani lokaci kuma yakan yi wata doguwar waƙa ƙasa-ƙasa, yana cusa kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye a ciki. Kamar sauran tsuntsaye masu waƙa, sautin yana fitowa ne daga wata gaɓa da ke can ƙasan maƙogwaro, daidai inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu.

Sauƙin waƙar yana da dalili. A cikin kurmi sauti yana karo da kututture da rassa da ganye, yana dawowa yana cakuɗewa. Waƙa mai sauri da yawan lanƙwasa takan dagule kafin ta yi nisa, siririn sauti mai tsini kuma ganye ne ke shanye shi. Fito mai kauri da ja shi ne ke isa nesa ba tare da ya lalace ba. Wani Bafaranshe mai suna Claude Chappuis, wanda ya shahara da naɗar muryoyin tsuntsayen Afirka, ya nuna a 1971 cewa tsuntsayen kurmi sun fi na fili amfani da irin wannan sauti. A wurin da ido ba ya ganin abin da ya wuce 'yan mitoci, da murya tsuntsu ke sanar da maƙwabta iyakar yankinsa, da ita kuma yake kiran abokiyar zama.

Sheƙa da renon 'ya'ya

Jan-tukku yana yin sheƙarsa a kogon itace ko a ramin ruɓaɓɓen kututture, ba nisa da ƙasa sosai. Yakan shimfiɗa ta da siraran saiwoyi da gansakuka. 'Ya'yan suna fitowa tsirara, idanu a rufe, ba sa iya komai sai buɗe baki, don haka sai iyaye sun yi ta jigilar ƙwari har su yi gashi.

Ƙananan tsuntsayen kurmin Afirka ba su cika wuce ƙwai biyu ko uku a kwanci ɗaya ba, alhali takwarorinsu na Turai sukan yi biyar ko shida, wasu ma fiye. Wani Baturen Ingila mai suna Reginald Moreau, wanda ya daɗe yana aiki a Amani ta ƙasar Tanzaniya ta yau, ya tattara hujjojin wannan bambanci a 1944. Masana sun kawo dalilai da dama. Ɗaya shi ne yawan maɓarnata: macizai, birai, tunku da dangin kurege duk suna cin ƙwai da 'yan tsaki, kuma yawan kai-komon iyaye zuwa sheƙa mai baki da yawa yana tona asirinta. Ita kanta kwarkwasar da ke ciyar da iyaye, idan ta biyo ta kan sheƙa takan hallaka 'ya'yan da ba su iya tashi ba. Wani dalilin shi ne tsawon rai. A kurmi babu hunturu mai kisa, babu doguwar ƙaura, saboda haka tsuntsun da ya girma yakan daɗe. Zoben da masu bincike ke sanya wa tsuntsaye a ƙafa ya nuna cewa wasu ƙananan tsuntsayen dazuzzukan Afirka suna haura shekara 10. Mai irin wannan rai ba ya bukatar zuba ƙarfinsa duka a kwanci ɗaya.

Wannan tsari yana da rauni guda: jinsin da ke hayayyafa a hankali, idan yawansa ya faɗi, yana daɗewa bai farfaɗo ba.

Illar sare kurmi

Ƙungiyar IUCN, mai lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ba ta sanya jan-tukku cikin waɗanda ke cikin haɗari ba, saboda mazauninsa yana da faɗi, musamman a ƙasashen Kwango. Amma a yammacin mazaunin nasa, kurmin ya ragu ƙwarai. Saran katako, da buɗe gonaki, da shuka koko da roba da kwakwar manja, da fasa hanyoyi, sun mayar da dajin da a da yake haɗe ya zama tsibirai. Gandun Okomu, alal misali, gonakin roba da na kwakwar manja ne suka kewaye shi ta wasu ɓangarorin.

Ɓarnar tana bin matakai. Idan aka sare manyan itatuwa, rufin ganye yakan ɓule, rana da iska su shigo, ganyayen ƙasa su bushe. Kwarkwasar da ke son danshi sai ta rage fita ko ta ɓace. Gida ɗaya na kwarkwasa yana bukatar fili mai yawa, tsuntsun kuma yana bukatar gidaje da dama a kewayensa, domin idan wannan bai fita farauta yau ba, wancan ya fita. Ƙaramin tsibirin kurmi ba ya ɗaukar gidaje da yawa, wanda ya mutu kuma babu mai maye gurbinsa tunda sarauniya ba ta tashi sama.

An ga wannan a zahiri a dajin Kakamega na yammacin Kenya, inda wani Bajamushe mai suna Marcell Peters da abokan aikinsa suka yi nazari a kan dangin jan-tukku masu bin kwarkwasa, suka wallafa sakamakonsa a 2008 da 2009. Sun tarar cewa a ƙananan gutsattsarin daji, kwarkwasar kurmi mai suna Dorylus wilverthi ta ragu, wata mai suna Dorylus molestus ta ƙaru. Ita ta biyun tana rage farauta a doron ƙasa idan yanayi ya bushe. Sakamakon haka tsuntsayen da suka fi dogara da kwarkwasa su ne suka fi raguwa, ko da yake itatuwa suna tsaye, kwarkwasa ma ba ta ƙare ba.

Saboda haka kare jan-tukku yana nufin kare kurmi mai faɗi da rufinsa a haɗe. Matakan da suka fi amfani su ne hana sara da noma a cikin gandayen da aka keɓe, barin zirin itatuwa da zai haɗa wannan kurmi da wancan, musamman a bakin rafuka, da barin matattun itatuwa da kututture a inda suke, tunda a cikinsu yake sheƙa. Masu kula da gandun daji suna amfana da shi ta wata fuskar kuma: inda ake samun jan-tukku da sauran masu bin kwarkwasa da yawa, alama ce cewa ƙasan kurmin yana da danshinsa, ƙwarinsa da kwarkwasarsa suna nan yadda ya kamata. Inda suka fara ƙaranci kuwa, lalacewa ta soma, ko da ido bai gan ta a jikin itatuwa ba tukuna.

Tambayoyi

1. A kawo siffofi uku na jikin jan-tukku, a bayyana yadda kowace ta dace da zaman ƙasan kurmi.
2. Mene ne ya raba jan-tukku da ɗan'uwansa na yammacin Afirka?
3. A bayyana yadda rundunar kwarkwasa take farauta, da yadda jan-tukku yake amfana da ita.
4. Me ya sa waƙar tsuntsayen ƙasan kurmi ta fi zama fito mai kauri da ja?
5. A kawo dalilai biyu da suka sa ƙananan tsuntsayen kurmi ba sa yin ƙwai da yawa.
6. A jera matakan da ake bi daga sare manyan itatuwa har zuwa raguwar tsuntsaye masu bin kwarkwasa.
7. A lura da wani tsuntsu na yankinku da ke samun abinci ta hanyar bin wata dabba ko wani aiki na mutane, a rubuta sakin layi biyu a kan inda yake zama da yadda yake kiwo.